Yadda Za Ka Gane Ko Bindigar Iskarka Tana Buƙatar Regileta

Bindigar iska irin wadda ake cika wa tulu kafin harbi, wato PCP, yawanci ana ɗura mata iska har matsin ya kai bar 200 zuwa 300 (bar ma'aunin matsi ne), kuma kowane harbi yana rage wannan matsi. Aikin regileta shi ne ta tsaya tsakanin tulun da bawul, tana sakin iska a kan matsi guda, misali bar 120, cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki, domin kowace ƙwayar dalma ta samu turi iri ɗaya har sai matsin tulun ya sauka ƙasa da wanda aka saita.

Bindigar da ba ta da regileta ma tana daidaita kanta gwargwado. Lokacin da tulu ya cika maƙil, iskar tana danne bawul ta yadda gudumar ciki da ke bugunsa a kowane harbi ba ta iya buɗe shi sosai, sai harbin farko ya fita da rauni. Da matsin ya ragu, bawul yakan daɗe a buɗe, gudun dalma ya ƙaru, ya tsaya kusan wuri ɗaya na ɗan lokaci, sannan ya fara faɗuwa. Wannan tsakiyar ita ce abin nema.

Kafin ka kashe kuɗi, nemi na'urar auna gudun harsashi. Cika tulun zuwa iyakar da masana'anta ta rubuta, kada ka wuce ta, sannan ka yi ta harbi da irin dalma guda zuwa wurin da zai tare ta lafiya, kana rubuta gudun kowane harbi tare da abin da agogon matsi ya nuna bayan kowane biyar. A ce ka ga daga bar 180 zuwa 130 bambancin bai wuce mita 5 ko 6 a daƙiƙa ba, to nan gaba sai ka riƙa tsayar da ɗuri a 180, ka sake cikawa a 130.

A ganina, mai harbi a nisan mita 25 ko 30 wanda ya san wannan tazara ta matsi ba zai ga wani bambanci a kan takardar saiti ba ko da ya saka regileta. Wanda ke harbin mita 50 zuwa sama, inda ɗan raguwar gudu ke sa dalma ta sauka ƙasa da inda aka nufa, ko mai gasa da ke son harbi da yawa a ɗuri ɗaya, shi ne regileta za ta amfana ƙwarai.

Ita ma tana da nata ciwon kai, domin zobban robarta suna lalacewa, kuma wani lokaci matsi yakan silalo ya hau idan bindiga ta daɗe a ajiye, har harbin farko ya kauce. Idan kuwa gudun ya daidaita amma dalma na warwatsewa, sai ka gwada wata irin dalma, ka goge bututun, ka duba kusoshin madubin saiti, domin regileta ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.