Kurakuran da ke ɓata nama a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali

Ranar da na fara ɗora nama a tukunyar nan, da murnata na fita aiki. Na zuba nama kilo guda, na juye ɗanyen markaɗen kayan miya a kai, na ƙara ruwa har ya sha kansa kamar yadda na saba, na rufe. Da na dawo gab da magariba naman ya yi luguf, amma yana iyo ne cikin wani tsululun ruwa mai tsami. Maigidan ya kai loma ɗaya ya ce, "Wannan miya ce ko farfesu?" Ni kaina ban san amsar ba.

Laifin ba na tukunya ba ne. Na ɗauke ta kamar tukunyar kan gas, alhali ba aikinsu ɗaya ba. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta, domin ya kwaikwayi wani abincin wake da nama da Yahudawan Lituweniya ke bari ya kwana yana dahuwa a cikin ɗumin tanda. A 1971 kamfanin Rival ya fitar da ita kasuwa da sunan Crock-Pot, ta kuma karɓu ne a lokacin da matan Amurka ke ta fita aikin ofis. Tun asalinta ba a yi ta don suya ba, ba a kuma yi ta don ta tsotse ruwa ba. Kusan duk kurakuran da ake yi daga mance wannan suke tasowa.

Mu fara da ruwa, tunda shi ya kayar da ni. A kan murhu tururi fita yake yi, miya tana raguwa tana yin kauri. A nan kuwa tururin yana taruwa a jikin murfi ya koma ciki, ga nama da albasa da tumatir kowanne yana sakin nasa ruwan. Abin da kika zuba da safe, da ƙari za ki tarar da yamma. Ga kilo ɗaya na nama, rabin kofi na ruwa ko romo ya isa idan akwai kayan miya, kofi ɗaya idan farfesu kike so. Idonki zai ce miki ya yi kaɗan, zai ƙone. Ba zai ƙone ba. In kuma kin riga kin cika ruwan, ki tsame naman, ki juye romon a tukunya ki tafasa a kan gas minti 10 zuwa 15 ba murfi, ko ki dama cokali ɗaya na garin masara da ruwan sanyi ki zuba ya ɗaure shi.

Sai tsamin tumatir, kuma a nan ne girke-girken Turawa ba za su taimake ki ba. Miyarmu ba ta zama miya sai an soya kayan miya har ruwansu ya ƙone, mai ya taso sama, tsamin ya mutu. Zafin tukunyar nan bai wuce na ruwan da ke ɓararraka a hankali ba, ko awa goma ta yi ba za ta soya komai ba. Gyaran shi ne ki raba aikin biyu. Da daddare bayan an ci abinci, ki soya albasa biyu, ki zuba markaɗen tumatir huɗu, tattasai uku da attaruhu gwargwadon bakin gidanku, ki bar su su soyu sosai. Ki juye a faffaɗan kwano su huce, ki sa a firji. Da safe haɗawa kawai za ki yi. Wasu kan ce ai amfanin tukunyar shi ne a zuba komai ɗanye a tafi. A wurina minti 20 ɗin nan na dare su ne bambancin abincin da za a cinye da wanda za a yi ta juya cokali a ciki.

Haka ma naman. Ki tsane shi, ki ɗan soya shi a kasko mai zafi har gefensa ya yi ja, kaɗan-kaɗan, kada ki cika kaskon ya koma sulala. Ba don ya dahu ba, don ƙamshi ne da launi. Abin da ya kama a gindin kasko ki zuba masa ɗan ruwa ki kankare, ki juye a tukunya, nan daɗin yake. Amma suyar nama da safe za ki yi ta, dab da ɗorawa. Naman da ya soyu a waje cikinsa ɗanye bai kamata ya kwana yana jira ba.

Wajen mahauci ma ana tafka kuskure. Da yawanmu in za mu kyautata wa gida sai mu ce a yanko mana tsoka zalla, ba kitse ba jijiya. Irin wannan naman in ya yi awa takwas sai ya bushe ya zama zare-zare, ko da yana cikin romo. Ki nemi wanda ake rainawa: wuya, kafaɗa, ƙirji, ƙwauri ko jela. Jijiyar da ke cikinsu ita ce ke narkewa a doguwar dahuwa, ta sa naman ya yi taushi, romon ya yi danƙo. Shanunmu na kiwo da suka sha tafiya, naman da kan ƙare mana gas kafin ya dahu, kamar don su aka yi tukunyar. Ki ce ya yanka miki manya-manya, kamar girman ƙwan kaza ko sama da haka, don ƙanana dagargajewa suke yi. Kitsen da ya yi yawa ki rage, tunda ba inda zai je sai saman miya.

Yanzu ga wanda ba na wasa ba. Kada ki ciro nama daga firiza yana ƙanƙara ki jefa a ciki. Tukunyar a hankali take ɗaukar zafi, sai naman ya daɗe a tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyas, inda ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ki sauko da shi cikin firji tun daren jiya ya saki. Wannan dalilin ne kuma ya sa bai dace ki zuba ɗanyen nama da asuba ki saita ta kunna kanta da tsakar rana ba, balle a zafin watan Afrilu.

Wutar lantarki kuwa, mu da muka san halinta dole mu yi maganarta. Idan aka ɗauke wuta kina gida, ki juye abincin a tukunya ki ƙarasa a kan gas nan take. Idan ba kya nan, ba ki kuma san awa nawa ta yi a kashe ba, shawarar hukumar aikin gona ta Amurka ita ce a zubar, ko da ya yi kama da dafaffe. Na san zubar da kilo guda na nama a wannan zamanin ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa gara kada a kai ga haka. In unguwarku wuta ba ta zama, ki haɗa ta da inbata ko sola, domin ba ta da ci kamar dutsen guga. Matsakaiciya ba ta cika wuce wat 200 zuwa 300 ba. In babu wannan, ki bar ta sai ranar da akwai wani a gida. Sannan wadda aka kawo tsaraba daga Amurka ki duba gindinta kafin ki jona. Tasu wutar bolt 120 ce, tamu 230, in babu taransifoma ƙonewa za ta yi. Ta Ingila ba ta da wannan matsalar.

Buɗe murfi a leƙa ko a juya, ki daina. Kowace buɗewa tana iya ƙara miki minti 20 ko fiye. Cikawa ma kada ta gaza rabi, kada ta haura kashi biyu bisa uku.

Akwai wani abin da ke ba mutane mamaki: dankalin turawa da karas sun fi nama jinkirin dahuwa a cikinta. Su za ki shimfiɗa a ƙasa da gefe inda zafi ya fi, nama a kansu, kayan miya a sama. Kabeji, koren tattasai da lawashi sai saura rabin awa a sauke, in ba haka ba ki neme su ki rasa. Shinkafa da taliya a dafa su daban. Citta, masoro, kanumfari da daddawa suna jure doguwar dahuwa, ki zuba su tun farko. Gishiri da dunƙule kuwa ki sa rabin abin da kika saba, ki ɗanɗana in kin dawo ki ƙarasa. Masu son haɗawa da jan waken nan mai siffar ƙoda, lallai a jiƙa shi a tafasa shi sosai a kan wuta aƙalla minti 10 kafin ya shiga, don yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda zafin tukunyar ba lallai ya kashe shi ba.

Lokacin da ya fi dacewa da naman shanu shi ne awa 8 a ƙaramar wuta, inda aka rubuta Low, ko awa 4 zuwa 5 a High. Ni na fi son ƙaramar, naman ya fi taushi. Matsalar ita ce mai fita ƙarfe bakwai ta dawo shida ta yi awa 11 a waje. In haka ranarki take, ki sayi mai agogo wadda ke komawa ɗumamawa da kanta bayan ta gama, ki kuma ƙara girman yankan.

Ragowar abinci kada ya kwana a ciki. Ki juye a roba ki sa a firji cikin awa biyu, gobe ki ɗumama a kan gas har ya tafasa, ba a cikinta ba. Kwanon tangaran ɗin da ke cikin tukunyar kuma ki bari ya huce kafin ya taɓa ruwan sanyi. Nawa na farko a wurin wanke-wanke ya tsage, sai da na yi wata biyu ina neman wanda zai shiga gurbinsa.