Yadda magidanci ma'aikaci zai nemi hutun haihuwa, da abin da zai yi da shi

A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa bai wa ma'aikaci namiji hutun kwana 14 idan matarsa ta haihu, kuma a watan Nuwamba na 2022 ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta lokacin, Dakta Folasade Yemi-Esan, ya fitar da takardar da ta zayyana sharuɗɗan. Duk da haka, a nan Sakkwato har yanzu za ka tarar da ma'aikacin tarayya da aka yi wa haihuwa yana roƙon maigidansa a ofis ya ɗaga masa ƙafa na kwana biyu saboda suna, alhali yana da haƙƙin da ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Abu na farko shi ne ka san ƙa'idar da ta hau kanka. Idan gwamnatin tarayya ce ta ɗauke ka aiki, kwanakin nan 14 na aiki ne, ba a lissafa Asabar da Lahadi, wato kusan mako uku ke nan, kuma albashinka yana tafiya. Ana bayar da shi sau ɗaya cikin shekara biyu, kuma ga 'ya'ya huɗu kawai. Idan ma'aikacin jiha ne kai, takardar Abuja ba ta shafe ka kai tsaye ba, domin kowace jiha ita ke tsara dokokin ma'aikatanta; Legas ta fara bayar da kwana 10 tun 2014, Enugu kuma ta bayar da mako uku a 2015. Saboda haka sai ka je sashen mulki na ma'aikatarku ka nemi a nuna maka abin da ke rubuce, kada ka tsaya ga ji-ta-ji-ta. Wanda ke aiki a kamfani ko makaranta mai zaman kanta kuwa, Dokar Ƙwadago ta yi tanadin mako 12 ga mace mai haihuwa amma ba ta ambaci uba ba, don haka mafitarsa ita ce ya duba takardar ɗaukarsa aiki, ko ya adana hutunsa na shekara zuwa watan haihuwa.

Na biyu, ka nema da wuri kuma a rubuce. Tun ciki yana wata bakwai ka karɓi takardar asibiti mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa, domin ita ake haɗawa da takardar neman hutun. Ka miƙa ta hannun shugaban sashenka, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa, sannan ka rubuta ayyukan da ke hannunka da wanda zai riƙe su. Na lura cewa shugabanni da yawa ba hutun suke ƙi ba, abin da suke gudu shi ne su wayi gari fayil ya tsaya babu wanda ya san inda aka kwana.

Za ka ji masu cewa jego sha'anin mata ne, ga uwa ga gwaggo ga ungozoma, to me namiji zai zauna yi? Wannan magana tana da tushe a gidan gandu, ko inda amarya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Amma ma'aikacin da aka turo daga Zamfara ko Katsina, yana haya a Arkilla ko Mabera shi da iyalinsa kaɗai, ba shi da wannan gata. Ƙorafin da na fi ganin nauyinsa shi ne na masu mata fiye da ɗaya, waɗanda sharaɗin shekara biyu da na 'ya'ya huɗu bai yi la'akari da irin gidajensu ba. Wanda yake cikin wannan hali sai ya yi lissafi tun da wuri, ya ajiye hutun ga haihuwar da likita ya ce tana buƙatar kulawa, ɗayar kuma ya rufe ta da hutun shekara.

Idan hutun ya samu, kada ya ƙare a neman rago da rabon goro. Kwanakin farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari ga mai jego da jariri, kuma a gidaje da yawa ba a fita da mace zuwa asibiti sai da izinin maigida da kuɗinsa. Na taɓa ganin maƙwabciyarmu a rana ta uku tana zubar da jini har zane ya jiƙe, tsofaffi suna cewa a bari a gani, mijin kuma yana wurin aiki wayarsa a kashe. Sai da ya dawo bayan la'asar aka samu aka tafi da ita, Allah Ya sa da sauran kwana. Zubar jini mai yawa, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, zazzaɓi, ko jaririn da ya ƙi kama nono, duk ba abin jira ba ne. Ka ajiye kuɗin mota da lambar mai keke-napep da zai amsa maka ko da tsakar dare.

Sauran ayyukan ba su da wuya. Ka tabbata an yi wa jariri rigakafin farko, wato na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta, ka karɓo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka ɗauke wa mai jego kai yara makaranta da cefane da neman ruwa da itacen wankan jego. Kafin ka koma ofis kuma, ka tsayar da wanda zai raka ta asibiti a duba ta idan ta cika mako shida, kusan daidai da lokacin da take gama arba'in.