Kai da abokinka za ku buɗe kamfani? To ku fara raba hannun jari a rubuce

Sabon kamfani zai iya jure rashin kuɗi na ɗan lokaci, amma rigimar waɗanda suka kafa shi kam da wuya ya tsallake ta. Matsalarmu kunya, wai kar a ce ba ka yarda da abokinka ba, alhali ko bashi ne aya ta 282 a Suratul Baƙara cewa ta yi a rubuta.

Ku zauna tun babu ko sisi a asusu, don a lokacin ne kowa ke da sauƙin kai. Wa zai bar aikinsa ya dawo kamfanin gaba ɗaya, wa zai riƙa leƙowa sai ƙarshen mako, wa ya zuba kuɗi? Shi wanda ya kawo dabara kawai kar ya ɗauka rabi nasa ne, dabara araha ce, wahalar na wajen aiwatarwa. Sannan ko hamsin-hamsin kuka raba dole a san mutum ɗaya da ke yanke magana in an kasa daidaitawa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bai wa kowa kasonsa gaba ɗaya ranar farko. Tsarin da kamfanonin fasaha na Amurka suka saba shi ne shekara 4: wanda ya tafi kafin shekara ɗaya ba shi da komai, in ya cika shekara ya mallaki kashi 25 cikin 100 na kasonsa, saura kuma ya riƙa shigowa wata-wata. In ba haka ba wani zai yi wata biyar ya samu aiki a Abuja ya tafi da rabin kamfanin, kai kana nan kana fama da kwastomomi, kuma duk mai zuba jari da ya ga haka baya zai ja.

Rijista a CAC, hukumar rijistar kamfanoni ta Najeriya, kuma ku yi ta kamfani mai hannun jari, sunan kasuwanci kawai ba ya ba ku hannun jarin da za a raba. Manhaja, tambari da sunan shafin intanet duk a sa su da sunan kamfani, ba na wanda ya iya kwamfuta a cikinku ba. Ku biya lauya ya duba takardar kafin kowa ya sa hannu, kuɗinsa bai kai na zaman kotu ba.