Babi na 6: Hirar Siyasa Ba Tare da Rigima Ba

Darasi na 1: Ji, maimaita, amsa

Ku zauna biyu-biyu. Mutum ɗaya ya faɗi jam'iyyar da yake so da dalilinsa. Ɗayan ya kama bakinsa har abokinsa ya gama. Idan ya gama, kada ka fara da naka. Maimaita nasa tukuna: "Malam, kana cewa an yi muku kwalta a unguwa, shi ya sa kake tare da su. Haka ne?" Sai ya ce "haka ne" sannan ka faɗi ra'ayinka.

A nan yawancinku kuke tuntuɓe, kuma ba komai, kowa da haka ya fara. Idan ya ce "ba haka na ce ba", ka sake maimaitawa. Don ka maimaita maganar mutum, ba ka shiga jam'iyyarsa ba. Idan ya girme ka, ka ce: "Baba, ku gafarce ni, kun ce kaza, haka ne?" Ke ma Hajiya haka: "Yaya, kin ce kaza, haka ne?"

Ku rubuta a littafinku da manyan baƙaƙe: NA JI. NA MAIMAITA. NA AMSA. Ku ɗora yatsa kan ta tsakiya, ku karanta da ƙarfi. Ku sake. Ita ce ake tsallakewa.

Haba jama'a! Dattijo mai jikoki, a ce ya maimaita jimla ɗaya ya gagara, sai "ɓarayi ne" kawai? Mu mutanen Gombe mun ga aikin 'yan Kalare, wato matasa 'yan bangar siyasa, a lokutan zaɓe, kuma yaran nan suna jin zagin da manya ke yi a teburin mai shayi. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 40 ya ba shi damar shiga jam'iyyar da ya ga dama. Maƙwabcinka yana cikin kowan nan. Don Allah ku koma biyu-biyu, ku maimaita kafin ku amsa.

Darasi na 2: Aikin wa ne?

An ƙirƙiro Jihar Gombe daga Bauchi a 1996. Tana da ƙananan hukumomi 11 da sanatoci 3, kowace gunduma kuma tana da kansila. Kasuwa da kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne. Sanata doka yake yi a Abuja. Sau da yawa ana musu har da kumfar baki a kan wanda aikin ma ba nasa ba ne. Rubuta sunan gundumarku da na kansilanku. Wanda bai sani ba ya tambayi mai unguwa.

Darasi na 3: Saƙon waya

Idan saƙon zagin wani ɗan takara ya shigo ta WhatsApp, ba ka san wanda ya fara shi ba, kada ka tura. Zama na gaba kowa ya zo da katin zaɓensa, za mu karanta abin da ke jiki.