Yadda ake buga biliyar a karon farko

Kafin ka taɓa sanda, leƙa teburin ka san wasan da ake yi, domin suna ɗaya ya rufe wasanni da yawa. A Damagaram kalmar Faransanci muka ɗauka, biliyar, amma wanda ya zauna Kano zai ce maka sunuka. Ƙirga ƙwallaye kawai. In uku ne kuma teburin ba rami, biliyar ɗin Faransa ke nan. In 22 ne, 15 daga ciki jajaye, wannan ce ainihin sunuka, wadda hafsoshin sojan Ingila suka fara a Indiya wajen 1875. Wanda samari suka fi bugawa shi ne mai ƙwallo 16 da rami shida, kuma shi za mu koya.

Da farko a jera 15 masu lamba cikin katakon nan mai kusurwa uku, baƙa mai lamba 8 a tsakiya. Daga 1 zuwa 7 launinsu cike yake, daga 9 zuwa 15 masu zane ne. Ta 16 fara ce, ita kaɗai sanda ke taɓawa. Mai farawa ya fasa jerin da ita, sannan irin da mutum ya fara zurawa rami ya zama nasa. Sai ka gama bakwai ɗinka kaf kake neman baƙa. Ta faɗa kafin lokaci, an cinye ka.

Amma tun ba a fasa ba, ku yanke magana kan laifi. Wasu, in fara ta faɗa rami, abokin wasa ne ke ɗaukarta ya ajiye inda ya so. Wasu bugu biyu suke ba shi. Yawancin gardamar da kake ji a bakin tebur daga nan take tasowa, kowa da dokar fadarsu.

Sai riƙon sanda, inda sabon shiga ke tona kansa. Shimfiɗa hannun hagu bisa ƙyallen tebur, yatsu a baje, ka ɗan ɗaga babban yatsa ya manne da manuni, sanda ta kwanta a kwarin da ke tsakaninsu. Hannun dama ya riƙe ta can baya, sako-sako, kamar mai riƙe da kofin shayi. Sunkuya har haɓarka ta kusa sanda. Gwiwar hannu zuwa ƙasa ne kawai ke motsi, kafaɗa ta tsaya cak. Goga alli a bakin sanda kafin kowane bugu, in ba haka ba za ta zame, ka ji wani "ƙyas", kowa ya yi dariya. Lokacin zafi, in gumi ya sa sanda na maƙalewa, ka goge hannu.

A ganina ƙarfi shi ke kayar da yawancin samari. Gwani ba ramin yake tunani ba, inda fara za ta tsaya bayan bugun ne damuwarsa. Buge ta a tsakiya da ɗan ƙarfi, in ta daki wata ƙwallo gaba da gaba za ta tsaya wurin. Ɗan sama kaɗan, ta bi bayanta. Ƙasa kaɗan, ta dawo gare ka. Wannan na ƙarshe a bar shi sai hannu ya faɗa, don bakin sanda na iya yaga ƙyallen, kuma mai tebur ba zai ji haƙuri ba sai an biya.