Ɗaukar mai zanen talla aiki ko ba da aikin a waje: yadda ake lissafin a Damagaram

Kafin ka yi maganar albashi da kowa, ɗauki littafi ka rubuta duk aikin talla da kasuwancinka ya ci a wata uku da suka wuce. Hoton kaya nawa aka ɗora a WhatsApp da Facebook, bidiyo nawa, sanarwar rediyo nawa, bandarol nawa, etiket ɗin da ake liƙawa a jikin kaya kala nawa. A gefen kowane ɗaya ka sa awa nawa ya ci. Dokar aiki ta Nijar ta ɗora makon aiki a kan awa 40. Idan lissafinka bai kai rabin wannan ba a mako, ma'aikacin dindindin zai wuni a zaune, ko ka mai da shi ɗan aike, ƙarshenta ya gaji ya tafi. Idan kuwa kusan kullum akwai sabon kaya ko sabon farashi da za a sanar, kamar mai shagon atamfa a kasuwar Dole ko mai gidan abinci da ke canza girki kowace rana, to mutum na gida ya fi.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su ɗauka albashin shi ne kuɗin ma'aikaci. A ce kun daidaita a kan jika 100 a wata. Kason mai gida a CNSS, wato asusun inshora da fansho na ma'aikata, ya haura kashi 16 cikin 100 na albashin, wato sama da jika 16 a kai, ban da kason da ake cirewa daga albashin shi ma'aikacin. Yana da hutun shekara da za ka biya. Sai kayan aiki: kwamfuta mai ƙarfin haɗa bidiyo, waya ko kyamara mai kyau, makirfo ƙarami na maƙalawa a riga, fitila, megar intanet ta kowane wata, da batir ko sola saboda ɗaukewar wuta. A zafin Afrilu da Mayu, kwamfutar da ke haɗa bidiyo a ɗaki marar iska takan yi zafi ta rage gudu ko ta mutu ana tsakiyar aiki, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata fanka. Ka haɗa duk wannan na shekara, ka raba da yawan aikin shekara, wato na wata ukun da ka ƙirga sau huɗu. Abin da ya fito shi ne farashin kowane hoto a gidanka, kuma shi za ka gwada da farashin na waje.

Abin da na gida yake ba ka wanda kuɗi ba su saya da sauri shi ne sanin kayanka da mutanenka. Ya san wace shadda ce ke tafiya gabanin Salla, ya san yadda matan Birni da Zango suke tambayar farashi, kaya suna sauka da safe ya ɗora su kafin azahar. Raunin sa ɗaya ne, kuma babba ne: mutum ɗaya ba ya iya komai. Gwanin zane ba lallai ya iya rubuta sanarwar rediyo ba, mai ɗaukar bidiyo mai kyau yakan gaza wajen shirya etiket don maɗaba'a. Ranar da ya kwanta rashin lafiya kuma, talla ta tsaya.

Na waje iri biyu ne, kada a haɗa su. Akwai kamfanin samar da ma'aikata, wanda zai turo maka mutum ya zauna a wurinka na wani lokaci, shi ke biyan sa albashi, kai kana biyan faktir. Akwai kuma mai zane ko ƙaramin kamfanin talla da kake biya aiki aiki. Na farko yana da amfani idan aikin mai yawa ne amma na lokaci, kamar buɗe sabon reshe ko kamfen na wata uku na wata ƙungiya. Kafin ka sa hannu, nemi ganin takardar izininsu ta yin wannan sana'a, da lambar NIF, wato lambarsu ta haraji, da shaidar cewa sun yi wa wanda za su turo rajista a CNSS. In kana da shakka, ofishin sufeton aiki na jiha yana nan, ka je ka tambaya. A rubuta kwana nawa za su ɗauka su canza maka mutum idan bai dace ba, da abin da za ka biya idan daga baya ka so ka riƙe shi ya zama naka. Ka kuma tambaya ko farashin ya haɗa da harajin TVA, domin kashi 19 cikin 100 ne, kuma yakan ɓullo ne a faktir bayan an gama ciniki da baki. Wani abu da ya kamata ka sani: nawa ne ke shiga hannun shi ma'aikacin? Idan kamfani yana cin rabi, wanda aka turo maka zai riƙa yin aikin wasu a ɓoye da kwamfutarka.

Da mai aikin guda guda, rigima ba ta cika tashi a kan kuɗi ba, a kan fayil take tashi. An zana maka tambari, an turo hotonsa ta WhatsApp, ka biya. Ranar da za ka buga allo mai faɗin mita uku sai tambarin ya fashe ya koma dishi dishi, domin WhatsApp yana matse hoto, kuma asalin zanen yana hannun mai shi. Saboda haka a rubuta tun farko cewa sauran kuɗi sai an miƙa asalin fayil, irin wanda ake ƙara masa girma bai lalace ba (fayil nau'in AI, SVG ko PDF), tare da sunan salon haruffan da aka yi amfani da shi. Abin da za a buga a takarda a shirya shi da launin maɗaba'a, wato CMYK, hotunan ciki su kai dpi 300 (ma'aunin tsabtar hoto), a bar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. In aka tura da launin fuskar waya da kwamfuta, wato RGB, jan da ka gani yana ƙyalli a waya zai fito kamar ya kwana a rana. A kuma faɗi gyara sau nawa farashin ya ɗauka. Sau biyu ya isa, na uku a biya. Idan tambarin zai daɗe tare da kai, ka yi masa rajista a OAPI, hukumar Afirka mai kare mallakar tambura, kariyar tana ɗaukar shekara 10 kuma ana sabuntawa.

Sai maganar harshe, wadda na nesa suka fi faɗuwa a kanta. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai su fito da ɗan akwati ko su koma k da d. Bandarol da ya ce "kasa" a maimakon "ƙasa" ya canza magana. Mai zane daga Kano zai iya sa maka kalmomin Turanci da farashin naira a tunaninsa, na Yamai kuma ya yi tunanin da Faransanci ya juyo shi. Kada komai ya tafi maɗaba'a ko rediyo sai ɗan gari ya karanta shi da babbar murya.

Ko wace hanya ka bi, mabuɗai su zauna a hannunka. Layin wayar WhatsApp na kasuwanci a yanke shi da sunanka, shafin Facebook kai ne babban mai iko a kansa, sauran ka ba su izinin ɗora abu kawai, fayiloli kuma a kwafe su a faifai na ajiya duk ƙarshen wata.

Ga mafi yawan matsakaitan ƴan kasuwa a garin nan, abin da ya fi dacewa shi ne mutum ɗaya a gida mai riƙe aikin kullum, manyan ayyuka kamar tambari, etiket da bidiyon Salla a ba gwanaye a waje. Waɗannan a ba da su aƙalla mako shida kafin azumi ko layya, domin lokacin kowa ke layi a maɗaba'a, kuma in a Kano za a buga, sai an ƙara kwanakin hanya da na iyaka. Kafin ka ba sabon mutum aikin Salla, gwada shi da ƙaramin aiki na biya, hoton kaya uku da sanarwar daƙiƙa 30, ka sa masa rana, ka ga ko zai cika ta.