Yadda na gyara ƙyaftawar haske a bidiyon kyamarata

Alhamdu lillahi, yau dai na huta. Kyamarar Canon ce ta ɗaukar hoto, wadda wana ya kawo mini daga Amurka. Hotunanta tsaf suke, amma da na ɗauki bidiyon kamu a wani ɗakin taro a Unguwar Rimi, sai haske ya riƙa ƙyaftawa, wasu baƙaƙen layuka na gangarowa ta kan fuskar amarya. Kyamarar abokin aikina, wadda ba ta kai tawa kuɗi ba, nata bidiyon ya fito garau a ƙarƙashin fitilu iri ɗaya. Har na fara tunanin sayar da tawa.

Na canza katin memori, na goge gilashi, na zargi janareta. Duk a banza.

Ashe daga saiti ne. Wutar lantarkin Najeriya 50Hz ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60Hz, kyamarar kuma ta zo a kan NTSC, tsarin bidiyon Amurka, tana ɗaukar firam (hotuna) 30 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da take buɗe wa haske) a 1/60 na daƙiƙa. Ba ta tafiya daidai da bugun fitilunmu.

Na shiga menu, wurin alamar sifana, na buɗe Video system na mayar PAL, tsarin da ya dace da wutar 50Hz. Daga nan firam 25 ya bayyana a zaɓin bidiyo, na zaɓe shi. Na bar otomatik na koma M, wato saitin hannu, na kafe shata a 1/50, hasken kuma na daidaita shi da ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) kawai. Na gwada da dare a ƙarƙashin doguwar fitilar shagona a Kawo: babu layi ko ɗaya.

Na gode wa abokin aikin da ya ara mini tasa na gwama saitinsu.